Mazaunin Ƙafa A Kan Feda: Jawabi Ga Masu Hawan Keke Da Iyalansu

 

Maganar da zan yi muku yau a kan keke ce, kuma ko a jikin keken ma, a kan wani ɗan wuri ne da bai kai faɗin tafin hannu ba, wato feda, inda ƙafarku ke takawa. Duk wanda ya tsaya a bakin hanya da sassafe ran Alhamis a Maigatari, ko ran Lahadi a Mai'aduwa da Illela, ko ran Laraba a Birnin Ƙonni, zai ga kekuna na shigowa daga ƙauyukan ɓangarorin iyaka biyu, wannan da buhun gero, wancan da jarkoki, wani da kwandon kaji ko damin rake. Babur ya yawaita, gaskiya ne, amma har gobe keke na da ranarsa, domin ba ya shan mai. Abin da yake sha shi ne ƙarfin ƙafar mai shi, kuma wannan ƙarfin ne nake so mu yi magana a kan yadda za a tattala shi.

Bari mu fara da ɗan lissafi, tun da ku mutanen lissafi ne. Babban keken da aka saba da shi, irin su Raleigh da Phoenix, tayarsa inci 28 ce, kuma idan ta juya sau ɗaya takan ci ƙasa mita biyu da 'yan kai. A mafi yawan irin waɗannan kekuna, duk zagaye ɗaya da feda ta yi, tayar baya takan juya kimanin sau biyu da rabi. Wato kowane zagayen feda na kai ka mita biyar da rabi, ko kusa da haka. Idan tsakanin garinku da kasuwa kilomita 10 ne, ƙafarka za ta zagaya wajen sau 1,800 a zuwa, ta kuma yi haka a dawowa, jimla 3,600 ke nan a yini guda. Kuskuren da bai taka kara ya karya ba, idan aka maimaita shi sau 3,600 a rana, mako bayan mako, shekara bayan shekara, da buhu a baya, shi ne yake zama ciwon gwiwar da dattijo ke dangantawa da tsufa alhali tun yana saurayi ya fara tara shi.

Ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26, kuma ba ko'ina a cikinta aka yi domin turi ba. Ku duba tafin ƙafarku. A baya akwai diddige. A tsakiya akwai kwari, inda ƙafar ta ɗan ɗaga daga ƙasa. Sai kuma wani tudu mai faɗi da ke bayan yatsu, wanda ya fi fitowa a gindin babban yatsa. Idan mutum zai miƙe ya ɗauko abu a saman rumfa, ko zai hau tsani, ko zai tura amalanke, a kan wannan tudun yake dogara ba tare da kowa ya koya masa ba. To nan ne mazaunin feda. Kowace feda tana da sandar ƙarfe da ta ratsa ta tsakiyarta, wadda take juyawa a kanta. Abin da ake so shi ne wannan sandar ta kasance a ƙarƙashin tudun nan, ko kuma ta ɗan koma bayansa da kamar faɗin yatsa ɗaya.

Dalili kuwa shi ne, idan ƙafa ta zauna haka, gaɓoɓi uku ne ke raba aikin a tsakaninsu: ƙugu, gwiwa da idon sawu. Naman ɗuwawu da na cinya su ne ke kawo babban ƙarfi, naman sharaɓa yana riƙe ƙafar don kada ƙarfin ya zube, idon sawu kuma yana ɗan lanƙwasawa yana shanye girgizar hanya kafin ta kai gwiwa. Aikin da mutum uku suka raba ba zai kayar da ɗayansu ba.

Wanda ya taka da yatsu kaɗai ya ɗora wa sharaɓa da agara nauyin da ya fi nasu. Agara, wato jijiyar nan mai kauri da ke bayan idon sawu, ita ce mafi ƙarfi a irinta a jikin mutum, amma idan aka yi ta ja mata rai sai ta kumbura, ta yi zafi, musamman da safe lokacin takun farko. Ga kuma sulluɓewa: yatsu ba su da faɗin da za su riƙe feda, da an faɗa rami sai ƙafa ta zame, feda ta juyo ta doki ƙauri. Yawancinku kun san wannan dukan, wasu ma suna da tabonsa.

Taku da diddige kuwa, wanda na fi gani a wurin masu dakon kaya, ya fi wancan ɓarna. Idon sawu ya fita daga cikin aikin gaba ɗaya, duk wani gargada da taya ta hau sai ya wuce kai tsaye zuwa gwiwa da ƙugu. Bugu da ƙari, tun da diddige ne a kan feda, sauran ƙafar duk ta miƙe gaba, kuma a wasu kekuna idan aka karya kwana yatsu na iya taɓa tayar gaba. Mai buhu biyu a baya ba ya bukatar abin da zai karkata masa kan keke a tsakiyar kwana.

A nan ina so in yi adalci, domin akwai masu koyar da hawan keke da ke ɗaukar maganar tudun ƙafa kamar doka wadda ba a taɓawa. Ni ban ga haka ba. Ƙa'idar ta fito ne daga 'yan tsere, masu takalma masu tauri kamar katako, waɗanda ba sa ɗauke da komai sai kansu. Kai da ke hawa tudu da kaya, ko kake ratsa rairayi, ko kuma agararka ke ciwo, babu laifi ka ɗan matsar da ƙafarka gaba, sandar feda ta koma tsakanin tudun da kwarin ƙafa. Wannan yana rage wa sharaɓa aiki, yana kuma sa ka ji ƙafarka ta kafu. Haka nan wanda ke jin gaban ƙafarsa na zafi kamar ya taka garwashi, ko yatsunsa na mutuwa idan tafiya ta yi nisa, sau da yawa jijiyoyin da ke bi ta tsakanin ƙasusuwan wurin ne suka matsu. Ya ɗan matsa gaba, ya sassauta takalminsa, zai ji sauƙi. Iyakar da zan ja ita ce, kada matsawar ta wuce tsakiyar ƙafa, kuma idan hanya ta miƙe ta yi laushi a dawo mazauni na asali.

Sai kuma inda ƙafar ke fuskanta. Ku bar ta ta zauna yadda take zama idan kuna tafiya a ƙasa. Mafi yawan mutane yatsunsu na ɗan kallon waje kaɗan, kuma wannan ba aibi ba ne. Abin lura shi ne gwiwa. Ka sunkuyar da kai ka dube ta kana tafe a wurin da babu cunkoso: ya kamata ta riƙa hawa da sauka a miƙe, tana bin saitin yatsanka na biyu. Idan ka ga tana buɗewa waje kamar ta mai zaman tabarma, to da magana, kuma galibi maganar tana wurin sirdi.

Wannan ya kawo mu ga abin da a ganina shi ne tushen matsalar. Mutane da yawa ba da gangan suke taku da diddige ba. Sirdinsu ne ya yi ƙasa, ƙafa ta rasa inda za ta miƙe, sai jiki ya nemi dabara. Ko na ce muku sau goma ku taka da tudun ƙafa, muddin sirdin na ƙasa, kafin ku kai ƙarshen layi ƙafar ta koma inda ta saba. Saboda haka a gyara sirdi tukuna.

Ga yadda ake yi, kuma ba ya bukatar komai sai sifana da bango. Ka jingina da bango ko wani ya riƙe maka keken, ka zauna daidai a kan sirdi da takalmin da ka saba hawa da shi. Ka juya feda ɗaya ta sauka can ƙasa, ka ɗora diddigenka a kanta. Nan ne kaɗai wurin da diddige ke da aiki a kan feda. Idan tsayin ya yi daidai, ƙafarka za ta miƙe sambal ba tare da ka karkata ƙugu ba. In gwiwa ta lanƙwashe, sirdi ya yi ƙasa. In kuwa sai ka karkata kafin diddigen ya kai, ya yi sama. Bayan ka daidaita, ka mayar da tudun ƙafa a kan feda, za ka ga gwiwar ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Wannan 'yar lanƙwasar ita ake nema. Masu aunawa da na'ura suna ƙiyasta ta tsakanin digiri 25 zuwa 35.

Ga mai son adadi, akwai wani lissafi da ake jingina wa Greg LeMond, ɗan Amurka da ya lashe babban tseren kekuna na Faransa sau uku, a 1986 da 1989 da 1990. Ka ari awon tela, ka tsaya ba takalmi, a auna daga ƙasa zuwa matsematsinka, sai a ninka da 0.883. Wanda nasa ya kai santimita 80 zai sami kusan 71. Wannan shi ne nisan da ake so daga tsakiyar ƙarfen da fedoji biyu ke zagayawa a kansa zuwa saman sirdi. Mafari ne kawai. Jikinka ne zai yanke hukunci, don jiki magayi ne. Ciwon da ke gaban gwiwa, a kewayen ƙoƙonta, yawanci yana nuna sirdi ya yi ƙasa. Wanda ke bayan gwiwa, ko kuma idan mai binka a baya ya ga ƙugunka na rangaji hagu da dama, yana nuna ya yi sama. Kada a ɗaga da yawa a tashi ɗaya. Rabin santimita ya isa, a hau kwana uku ko huɗu, sa'an nan a ƙara in da bukata. Kuma ku duba sandar sirdin: a jikin yawancinsu akwai wani zane da masana'anta ta yi, wanda bai kamata ya fito waje ba, domin idan sandar ta fito fiye da nan tana iya karyewa ko ta tsaga ƙarfen keken.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci. Kuna cewa, malam, mu da gangan muke sauke sirdi, domin idan muka tsaya da kaya muna so ƙafafu biyu su dafa ƙasa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba zan raina ta ba, don wanda keke ya taɓa kayarwa da kwandon ƙwai ya san abin da yake gudu. Amma ku auna: tsayawa sau nawa ake yi a tafiya, taku kuma sau nawa? Abin da ya fi shi ne a koyi saukowa daga sirdi. Idan za ka tsaya, ka ja birki, ka zame gaba ka bar sirdin, ka dafa ƙafa ɗaya a ƙasa kana tsaye a kan ƙarfen tsakiya. Idan za ka tashi, ka ɗago feda ɗaya ta zo sama ta ɗan karkata gaba, ka taka ta da nauyin jikinka, keken zai motsa, kai kuma takun zai ɗaga ka ya mayar da kai kan sirdi. Ranar da kaya suka yi nauyi ƙwarai, a iya sauke sirdi da faɗin yatsa ɗaya, ba fiye ba. A raba kayan gida biyu a rataya su hagu da dama, ƙasa-ƙasa, maimakon a tula su sama. In kuma tudu ya fi ƙarfi ko rairayi ya yi zurfi, a sauka a tura. Babu wanda ya taɓa rasa ciniki don an gan shi yana tura keke.

Yanzu mu dubi fedar kanta. Ku zagaya wurin ajiye kekuna a kowace kasuwa, ku ƙirga waɗanda robar fedarsu ta zube, saura sandar ƙarfe tsirara mai kaurin yatsa. Mai irin wannan keken duk nauyin takunsa yana taruwa ne a kan siririn layi ɗaya a tafin ƙafarsa. Ba zai iya taka ta da tudun ƙafa ba, don zafi, sai ya saƙale ta a kwarin ƙafa, ko a gaban diddige. Ƙarfen yana da santsi idan ya jiƙe, bakinsa kuma yakan yi kaifi ya yanki ƙauri. A cikin duk kayan gyaran keke, feda na daga cikin masu araha, kuma ita ce ta fi cancantar a fara sauyawa. Wanda zai ɗaura da kansa ya tuna cewa fedar hagu ba a ɗaure ta yadda ake ɗaure sauran kusoshi. Zarenta a juye yake, hagu ake murɗa ta ta ɗaure. A jikin sandar za ku ga harafin L a ta hagu da R a ta dama, wasu na ƙasashen Faransanci kuma G a ta hagu, D a ta dama. Wanda ya musanya su ya tilasta, ya lalata zaren ke nan. Idan kuma ka ji feda na rawa a ƙarƙashin ƙafarka a kowane zagaye, sandarta ce ta lanƙwashe, galibi bayan faɗuwa, kuma wannan rawar gwiwa ce ke biyan kuɗinta.

Takalmi ma haka. Silifa tana lanƙwashewa a kan feda, tana zamewa, yatsu kuma su yi ta ƙanƙame ta har su gaji. Takalmin da ƙasansa ke da ɗan tauri, mai maɗauri a bayan diddige, ko da na roba ne, ya fi ta nesa ba kusa ba. A naɗe ƙafar wando ta dama ko a ɗaure ta da 'yar roba, a tattare riga da zane, kada sarƙa ta kama.

Masu ciwon suga, ku ba ni kunnuwanku. Wannan ciwon, idan ya daɗe, yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, ta yadda mutum zai ji rauni bai sani ba, ga shi kuma miki ba ya saurin warkewa. Hawan keke yana da amfani a gare ku ƙwarai, domin motsa jiki na taimakawa wajen saukar da suga, kuma bai cika takura wa gaɓoɓi kamar gudu ba. Amma kada ku hau ba takalmi, kada ku hau feda mai ƙarfe tsirara, kuma duk daren duniya ku duba tafin ƙafarku da tsakanin yatsu, ko ku sa wani a gida ya duba muku. Bororo, ko tsagewa, ko wurin da ya canja launi, ko da babu zafi, abin kaiwa asibiti ne, ko likita kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke cewa, tun kafin ya buɗe.

Game da yanayin taku, kalma biyu kawai. Taku mai sauƙi da ɗan sauri ya fi wa gwiwa daɗi a kan taku mai nauyi a hankali, don haka mai keken giya ya sauko da ita kafin ya fara hawa tudu. Idan kuma za a karya kwana, fedar ɓangaren da ake juyawa ta kasance a sama, kada ta daki ƙasa.

Iyaye mata da maza, saura maganar yara. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ba yakan zura ta ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya ya riƙa takawa a karkace, ko ya hau sirdi yana lilo hagu da dama don ya cimma feda da kan yatsa. Dukanmu mun san haka ake koyo, amma wasa a ƙofar gida daban, aiken yaro kasuwa da kaya a kan babbar hanya cikin wannan hali daban. Wanda ke rataye a gefen keke ba zai iya jan birki ya dafa ƙasa a kan lokaci ba. Idan gida keke ɗaya ne, a sauke wa yaron sirdi duk lokacin da zai hau, a yi alama a jikin sandar domin uba ya mayar da shi inda yake.

Ƙananan da ake goyawa a baya kuwa, haɗarinsu wayoyin taya ne. Ƙafar yaro na reto, diddigensa ya shiga tsakanin wayoyi da ƙarfen keke, taya kuma na juyawa. Wannan rauni yana da yaudara. A ranar farko ana iya ganin ƙujewa kawai da ɗan kumburi, bayan kwana biyu ko uku fatar wurin ta yi baƙi ta mutu, wani lokaci kuma akwai karaya a ciki da ido ba ya gani. Kada a goya yaro ba takalmi, a sa mai gyaran keke ya yi masa matakai biyu da zai ɗora ƙafa, a kuma rufe gefen tayar baya da faifan roba ko raga. Ko gefen tsohuwar jarka aka yanka aka ɗaure da kyau ya wadatar. In abin ya riga ya faru, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a zuba toka, ko ƙasa, ko baƙin mai, a kai yaron asibiti a ranar, a kuma tafi da katin rigakafinsa domin ma'aikacin lafiya ya duba ko yana bukatar allurar titanus, cutar nan da ke shiga ta miki ta sanƙarar da jiki ta kulle muƙamuƙi.

Ku manya kuma, idan kun gyara sirdi da feda da takalmi, aka yi mako biyu ko uku ciwon bai ragu ba, ko gwiwa ta kumbura ta yi zafi, ko tana maƙalewa, ko tana sakin mutum yana tsaye, ko ƙafa ta ci gaba da mutuwa bayan an sauka daga keke, to abin ya wuce na sifana. A je a ga ma'aikacin lafiya a ɓangaren iyakar da ya fi kusa da ku, a gaya masa nisan da ake yi a mako da nauyin da ake ɗauka.

 Allah ya ba da kasuwa, ya kai kowa gida lafiya.